Daga Tauraruwa Mai Wutsiya Zuwa Tsibirin Dejima

A shekarar 1969, wato shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauki yaro Kilba ya yawata da shi. Manazarta kan ce daga nan ƙagaggen labarin kimiyya ya soma a Hausa. To amma kaɗan ne suka bi sawun Dembo. Da rubutu ya bunƙasa a Kano wajen 1990, soyayya ce ta ci kasuwa, kuma a nan muka saba da raba littafi kashi-kashi. Sau da yawa, mu faɗi gaskiya, kashi na biyu jan rai ne kawai don a sake sayarwa.

Bari mu leƙa Japan mu ga yadda suka yi da nasu na biyun. Masamune Shirow ya fara labarin zane mai suna Ghost in the Shell a 1989, aka mai da shi fim a 1995. A 2002 kamfanin Production I.G ya fito da shi a talabijin, Kenji Kamiyama na ba da umarni. Labarin Sashe na Tara ne, 'yan sandan ciki da Manjo Motoko Kusanagi ke ja, mace wadda duk jikinta na'ura ce, ƙwaƙwalwa kaɗai ce tata. Zango na farko farautar wani ɗan kutsen kwamfuta ne.

Zango na biyu, 2nd GIG, mai kashi 26, an nuna shi daga 2004 zuwa 2005, kuma bai tsaya tauna tsohon ƙashi ba. Sai ya ɗauko 'yan gudun hijirar yaƙi waɗanda Japan ta karɓa don aikin ƙarfi mai arha, ta gaji da su, ta tsuge su a tsibirin Dejima. Kuze, tsohon soja, ya haɗa ƙwaƙwalensu ta intanet ya zama jagoransu. Shi kuwa Goda, babban jami'in leƙen asirin gwamnati, yana can gefe yana hura wutar ƙiyayya don cikar burinsa.

Mu da ke Gummi wannan bai yi mana kama da tatsuniyar nesa ba. Mun ga mata da yara da ƙullin kaya a ka, sun baro ƙauyukan Anka da Bukkuyum, musamman bayan kisan Janairun 2022. Kafin nan, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a wannan yanki. Wane kayan labarin kimiyya ne ya wuce wannan? Amma alƙalumanmu na can wajen zance da lefe.

Akwai ma wani kamanceceniya da ke sa jiki sanyi. Can ƙarshen 2nd GIG, hukuma ta toshe sadarwar Dejima, mutanen Kuze suka daina jin juna. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a duk Zamfara, mai son jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya biya kuɗin mota zuwa wata jiha.