Ɗakin ƙanƙarar da ya fi kamfanin garinsu tsawon rai

1/ Jama'a, yau tarihin wani gini na kawo muku. Sunansa Calumet Colosseum, a wani ɗan gari can ƙuryar arewacin jihar Mishigan ta Amurka. Tun 1913 aka gina shi, har yau kuma ana wasa a ciki. Ku gyara zama. 🧵

2/ Wasan da ake yi a ciki hoki ne na kan ƙanƙara. Mutum shida-shida, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da sanda a hannu, suna kora ɗan faifan roba zuwa raga. Yadda muke ji da ƙwallo, haka mutanen Calumet suke ji da hoki.

3/ Jan ƙarfe ne ya kafa garin. Kamfanin Calumet and Hecla shi ne uwa da uba: aiki nasa, gidajen ma'aikata da yawa nasa. Mutane sun yi ta kwararowa daga Finlan, Italiya, Ingila da sauransu don shiga ramin haƙa.

4/ To amma 1913 baƙar shekara ce. A watan Yuli masu haƙa suka shiga yajin aiki. Ranar 24 ga Disamba, ana walimar yaran masu yajin a wani zaure mai suna Italian Hall, wani ya yi ihun "gobara!" Babu wata gobara. Mutum 73 suka mutu a turmutsitsin matakala, yawancinsu yara.

5/ A wannan hunturun, gari na cikin makoki, Colosseum ya buɗe ƙofa. Ku riƙe waɗannan gine-gine biyu a rai, zan dawo kansu.

6/ A farko babu injin daskarar da ruwa. Ruwa ake kwarara wa fili, sanyin Allah ya yi sauran aikin. Yankin yana gefen Tafkin Superior, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara kan haura mita 5. Sai a 1968 aka sa inji.

7/ A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ginin ya koma hannun gwamnatin jiha, dakarun tsaronta suka mai da shi sansaninsu, har suna aka canza masa. Duk da haka ba a daina wasa ba.

8/ Abin mamaki, shekarar da aka sa inji, 1968, ita ce shekarar yajin aikin da ya zama ajalin haƙar ma'adinai a garin. Ramuka suka rufu, matasa suka watse neman aiki. Yau ƙauyen Calumet kansa bai kai mutum 1,000 ba.

9/ Yanzu ku gane wahalar riƙe irin wannan gini. Ƙarƙashin daɓen siminti akwai bututai birjik, ruwa mai tsananin sanyi na zagayawa ciki, inji na zuƙe zafinsa. Bututu ɗaya ya ɓule, wani lokacin sai an fasa daɓe. Ga laima mai cin ƙarfe da katako, ga kuɗin wuta.

10/ Ƙari a kan haka, daga 2020 Amurka ta hana ƙera gas ɗin sanyi na R-22 da shigo da shi, saboda illarsa ga sararin sama. Tsofaffin filaye da yawa da shi suke aiki. Ƙaramin gari sai ya zaɓa: ko ya nemo maƙudan kuɗi, ko ya sa kwaɗo.

11/ Mutanen Calumet ba su sa kwaɗo ba. A 2005 ƙaramar hukumarsu ta ba jiha fili don gina sabon sansani, ta karɓo ginin, aka mayar masa da sunansa na asali.

12/ A 2019 suka shiga gasar Kraft Hockeyville, inda jama'a ke kaɗa ƙuri'a ta intanet. Suka lashe: dala 150,000 na gyara, da wasan share fage na babbar gasar NHL.

13/ Ranar 26 ga Satumba 2019, Detroit Red Wings suka kara da St. Louis Blues, zakarun wannan shekarar, a ɗakin da ke cin 'yan ɗaruruwan 'yan kallo kawai. Ana lissafa shi a matsayin filin ƙanƙara mafi tsufa a Arewacin Amurka da ba a taɓa daina amfani da shi ba.

14/ Italian Hall fa? An rushe shi a 1984, bakin ƙofarsa kaɗai aka bari don tunawa. Kamfanin da ya mallaki gari ya tafi. Colosseum yana nan.

15/ Ni dai abin da na gani: ba dala 150,000 ce ta ceci ginin ba, ta zo ne bayan shekara 106. Kuɗin ya tarar da mutanen da ba su taɓa barin wurin ya mutu ba. Gini dai kamar rijiya ne, wadda ake ɗiba ita ake yashewa.

16/ A garinku wane tsohon gini ne har yanzu ake shiga, wa ke kula da shi? Ku faɗa min a ƙasa. 👇🏾