Crystal Bird Fauset, Matar Da Ta Ci Zaɓe A Mazaɓar Farar Fata

Yau tarihin wata mata na kawo muku daga Amurka, sunanta Crystal Bird Fauset. Ita ce mace baƙar fata ta farko da aka zaɓa majalisar dokokin jiha a duk faɗin ƙasar, a jihar Pennsylvania, shekarar 1938. Gaskiya ne a 1928 Minnie Buckingham Harper ta zauna a majalisar West Virginia, amma naɗa ta aka yi ta ƙarasa wa'adin mijinta da ya rasu. Ita Crystal da ƙuri'a ta shiga.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mazaɓar. Yanki ne na birnin Philadelphia inda farar fata suka kai wajen kashi biyu cikin uku. Ke nan ƙuri'un danginta kaɗai ba za su kai ta ba. To yaya aka yi? Tun a 1927 wata ƙungiyar Kiristoci 'yan ɗarikar Quaker ta ɗauke ta aiki, tana zagaya makarantu da coci-coci da tarurrukan farar fata, tana yi musu bayanin rayuwar baƙar fata da tarihinsu. Cikin kamar shekara guda ta yi jawabi fiye da 200. Daga baya ta shiga tattara mata baƙar fata a jam'iyyar Democrat. Kafin ta nemi kujera, mutanen birnin sun daɗe da sanin muryarta. Mu da ke zaune a kudu, muke yawan cewa ba za a taɓa zaɓen baƙo ba, ya kamata mu duba shekara goma sha ɗayan nan da ta yi tana shiga cikin mutane.

A majalisa ta kawo ƙudurori kan lafiyar jama'a, gidajen talakawa da haƙƙin mata ma'aikata. Sai dai shekara ɗaya kacal ta yi, ta ajiye kujerar ta karɓi muƙami a hukumar samar da aikin yi ta gwamnatin Roosevelt. A ganina nan ta yi gaggawa, kujerar da aka sha wuya kafin a samu ba a sakinta haka.

Duk da ƙawancenta da Eleanor, matar shugaba Roosevelt, a 1944 ta fice daga Democrat saboda yadda shugabannin jam'iyyar ke yi wa mata baƙar fata riƙon sakainar kashi, ta mara wa Dewey na Republican baya. Ta rasu a Philadelphia a 1965.