Shaihu Umar: Labarin Bauta Daga Littafi Zuwa Dandali

Labarin Shaihu Umar ya samo asali ne daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a shekarar 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, ya shiga gasar, aka kuma buga littafinsa a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Galibin takwarorinsa sun karkata ga ban dariya ko jarumtaka, shi kuwa sai ya ɗauko zancen bauta, tun tsofaffin da suka gan ta da idonsu suna raye.

Shaihu Umar malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An sace shi yana ƙarami, ya yi ta sauya hannu har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, ita ma aka sayar. Sai bayan shekaru suka haɗu a ƙasar Larabawa, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da labarin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya shirya shi a fim da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Fim ɗin ya daɗe a ajiye ba mai ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin, a Jamus, a 2018.

Abin da ya sa ƙarshen wasan yake taɓa zuciya shi ne uwar ba ta yi laifin komai ba. A tatsuniya mugu ne yake shan hukunci, mai haƙuri kuma ya dafa dutse. A nan uwa ta yi haƙurin, ta ga ɗanta, amma ba ta koma gida ba. Duk wanda ya taɓa rabuwa da mahaifiya, ko ya yi cigiyar ɗan'uwa, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan raɗaɗi.

A kudancin Kaduna labarin ya fi kusa da gida. A ƙarni na 19 masarautar Jama'a tana kai wa Zazzau bayi a cikin gaisuwarta, hare-hare kuma sun sha faɗa wa ƙauyukan yankin, har da ƙasar Ninzo da Numana inda Gwantu take. Mutane da yawa sun fake a kan duwatsu. Sanarwar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, amma ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai a 1936.

Saboda haka mai kallo a Gwantu ko Kafanchan yana iya ganin kakarsa a jikin mahaifiyar Umar, na Zariya ko Kano kuma ya ga abin da kasuwannin garinsu suka taɓa yi wa iyalai. Ƙimar wasan ita ce ya sa ɓangarorin biyu tausayin mace guda, ba tare da tambayar ƙabilarta ba.