Kafin shandaliya ta shigo falon Alhaji

Makon jiya wani daga cikinmu ya turo mini babin farko na littafinsa in duba masa. Labarin ya faru ne a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi wajen 1970, amma sai ga falon Alhaji da ƙatuwar fitilar gilashi tana reto daga silin. Na tambaye shi wace wuta take ci a lokacin, har yau bai ba ni amsa ba.

Wannan fitila ta alfarma, wadda ake kira shandaliya, da kyandir ta fara. Sunanta da kalmar "kyandir" da muka ara tushensu ɗaya ne a Latin. A tsofaffin majami'un Turai, katako biyu ake gicciyewa, a kafa kyandirori a kai, a ja shi sama da igiya. Kyandir ɗin kakin zuma kuwa tsada gare shi, shi ya sa tun farko ta zama kayan masu hali. Gilashin ya zo daga baya: a 1674 George Ravenscroft na Ingila ya samu izinin mallakar wani gilashi garai-garai, wanda da aka gauraya shi da dalma yake watsa haske in an sassaƙa shi. Maƙeran gilashi na tsibirin Murano a Italiya suka ƙara mata furanni da launi. Ƙwan lantarki na Edison, a 1879, shi ya raba ta da hayaƙi.

Kada a ce abin na Turawa ne kaɗai. A babban masallacin Taza da ke Maroko akwai wata ta tagulla tun 1294, mai ɗaukar kofunan mai fiye da 500. A Alƙahira ta zamanin Mamluk, fitilun gilashi ake ratayawa a masallatai, an zana musu ayar haske ta Suratun Nur. Kalmarmu "fitila" ma daga Larabci take, can ma'anarta lagwani.

Mu fa? A Balan, kakata ta girma ne da aci-bal-bal: ɗan kasko, man gyaɗa, lagwanin auduga, sai baƙin hayaƙi a bango. Bayanta fitilar ƙwai ta kananzir ta zo, wadda wanke ƙwanta aikin yara ne kafin magariba, kuma wanda ya fasa shi ya san sauran. Duk a ƙasa ake ajiye su ko a cikin alkuki. Ba mu rataya haske a sama ba.

Amma saman ɗakin bai zauna haka nan ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Maginan Hausa suna da rufin ɗaurin guga, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya shahara da shi a masallacin Juma'a na Zariya, a shekarun 1830. A tsakiyar irin wannan rufi, inda bakunan suka haɗu, sukan manna tasa ko farantin tagulla. Mai gida ya ɗaga kai, ɗan hasken aci-bal-bal ya bugi tasar, ta yi ƙyalli. Daidai wannan gurbi ne shandaliya ta gada yau a falon POP da ɗakunan biki na Kano.

Don haka na ce wa abokin namu ya sauke fitilar nan. Ya ba Alhajinsa soro mai ɗaurin guga da tasa a tsakiya, da fitilar ƙwai guda biyu alhali maƙwabta ɗaya ma aro suke yi. Ya ce zai gwada, amma wai a babi na tara, bayan Alhaji ya koma Nasarawa GRA, sai ya mayar da abarsa.