BABI NA BIYU: TARIHIN LISSAFIN GIRGIZAR INJUNA, DAGA TSARKIYA ZUWA KWAMFUTA

2.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin injin niƙa a Wanke ko Tsafe ko Bunguɗu ya san cewa idan aka tayar da inji, akwai ɗan lokacin da yakan yi jijjiga mai ƙarfi, har kwanon rufi ya ɗauki kuka, sannan ya lafa bayan ya kama gudu. Dalili kuwa shi ne, kowane abu mai nauyi da tauri yana da adadin kai da komo da yake yi a daƙiƙa ɗaya idan aka taɓa shi aka ƙyale. A wannan nazari an kira wannan adadi da suna girgizar asali. Idan juyawar inji ta yi daidai da ita, sai jijjiga ta ninku, notuna su kwance, daɓe ya tsage. Wannan babi zai bi diddigin yadda aka koyi lissafa ta.

2.1 Daga Tsarkiya zuwa Alƙalami

Makaɗin garaya ko goge ya daɗe da sanin cewa ɗaure tsarkiya yana sa murya ta yi sama, tsarkiya mai kauri kuma muryarta ƙasa take yi. Marin Mersenne, wani malamin Faransa, ya mayar da wannan sani lissafi a shekarar 1636. Daga bisani Robert Hooke ya bayyana dokar miƙewar sifirin a 1678, Isaac Newton kuma ya fitar da dokokin motsi a 1687. Da aka haɗa su sai aka gane cewa ƙarin tauri yana ƙara girgizar asali, ƙarin nauyi kuwa rage ta yake yi. Alal misali, idan aka ninka nauyi sau huɗu, girgizar takan koma rabi.

Ba a tsaya a kan kiɗa ba, domin lamarin ya shafi rayuka. A 1831 gadar Broughton da ke kusa da Manchester a Ingila ta karye lokacin da sojoji suke tsallake ta da tafiyar fareti.

2.2 Shigowar Kwamfuta

Matsalar da ta rage ita ce, inji ba abu ɗaya ba ne. Yana da sassa da dama, kuma adadin hanyoyin motsinsa shi ne adadin girgizar asalinsa. Carl Jacobi ya samar da dabarar warware irin wannan jerin lissafi a 1846, sai dai yin sa da hannu aiki ne mai cin rai. A 1921 Heinrich Holzer ya kawo hanyar jadawali don auna murɗewar sandar inji, wadda injiniyoyi suka daɗe suna amfani da ita.

Sauyi na haƙiƙa ya zo a 1961, lokacin da John Francis ya wallafa dabarar QR wadda ta dace da kwamfuta. A ƙarshen shekarun 1970 Cleve Moler ya rubuta manhajar MATLAB domin ɗalibansa a Amurka, aka kuma kafa kamfanin MathWorks a 1984. Tun daga nan, ɗalibi yakan shigar da jadawalin nauyi da na tauri, amsa ta fito nan take.

2.3 Matsayin Yankin Gusau

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, masaƙar Gusau kuma ta fara aiki a shekarun 1960. Waɗannan injuna sun iso da lissafinsu a gama daga ƙetare. Amma injin niƙa na ƙauye, magini da makaniki ne suke girka shi, da kunne da tafin hannu, wani lokaci a sa masa tsohuwar taya a ƙarƙashi. Tayar tana rage tauri ne, wato tana saukar da girgizar asali. Injin da yake juyi 1,500 a minti yana bugu 25 a daƙiƙa, don haka wajibi ne girgizar mazauninsa ta yi ƙasa da 25 sosai.

2.4 Naɗewa

An ga cewa makaniki da masani abu ɗaya suke nema, sai dai makaniki yakan gane kuskure bayan daɓe ya tsage, lissafi kuwa yana nuna shi tun kafin a kwaɓa siminti. Babi na uku zai kawo samfurin injin niƙa da yadda aka lissafa girgizarsa.