Dillalin Gida a Kano, Jiya da Yau

Dillanci a Kano ya girmi takardar mallaka nesa ba kusa ba. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ta bunƙasa ne da fatake masu sauka wurin fatoma. Shi ke ba su masauki, ya nemo masu saye, ya tsaya musu, ya karɓi la'adarsa. Jarinsa mutuncinsa ne.

A kan wannan amana na taso na ga ana cinikin gida a unguwarmu. Dillali ya san gidan da magada ba su raba ba, ya san katangar da maƙwabta ke jayayya a kanta. A zauren mai unguwa ake sallamawa, gaban shaidu, a shafa fatiha.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, sai takardar shaidar mallaka ta zama abin dogaro. Shi ya sa nake ba mai sayen gida shawara ya haɗa biyu: dillalin da unguwa ta shaida, da lauyan da zai binciki takardun a ma'aikatar filaye kafin a biya ko kwabo.