Na'urar juya wuta mai hanya biyu: yadda mota ke zama rumbun lantarki

Motar lantarki ba ta shan mai. Tana tafiya ne da wutar da aka tara cikin babban batir. A yau akwai na'urar da ke cika batirin, kuma ta fiddo wutar daga cikinsa zuwa gida ko zuwa layin gari. Ita ake kira na'urar juya wuta mai hanya biyu.

Wuta iri biyu ce

Wutar layin gari mai kai da komo ce. A Nijar da ƙasashen Turai tana kaiwa ta komo sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Wutar batir kuwa hanya guda take bi. Don haka batir ba ya karɓar wutar layi sai an juya ta. Cajar wayar salula wannan aiki take yi. Mai faifan hasken rana a gida ya san kishiyar aikin: akwatin da ke juya wutar batir don ta kunna talabijin ko firji. Na'ura mai hanya biyu ta haɗa ayyukan nan cikin akwati ɗaya.

Yadda take aiki

Cikinta akwai ƙananan makunnai da ke buɗewa da rufewa sau dubbai cikin daƙiƙa. Ƙaramar kwamfuta ce ke tsara su, ita ke zaɓar inda wuta za ta nufa. Kafin ta tura wuta kan layi, sai ta daidaita ƙarfinta da saurin kai da komonta da na layin.

Amfaninta

Ku tuna da bankin cimaka. Ana sayen hatsi da kaka yana araha, a fiddo shi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Haka batirin mota yake. Tashar hasken rana, irin ta Malbaza da aka buɗe a 2018, da rana kaɗai take ba da wuta, alhali da almuru ne gidaje ke kunna fitilu. Mota kuwa a tsaye take mafi yawan yini. Sai ta sha wuta da rana, ta mayar da wani kashi da yamma.

Rumbun ba ƙarami ba ne. Batirin motar Nissan Leaf ta farko yana ɗaukar kilowat-awa 24, wato abin da fitila mai wat 10 za ta ci cikin kwana 100, dare da rana.

Inda aka soma

A 1997, Willett Kempton na jami'ar Delaware a Amurka da abokin aikinsa suka wallafa bayani kan wannan dabara. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Japan a 2011, wuta ta yi ƙaranci, sai kamfanin Nissan ya fito a 2012 da na'urar da ke ba gida wuta daga mota. A 2016, a ƙasar Danmak, aka haɗa motoci 10 na wani kamfani da layin gari, ana biyan kuɗin aikin da suke yi wa layin.

Abin lura

Kowane juyi yana cin wani kashi na wutar, ya zama zafi. Yawan cikawa da zazzagewa yana gajiyar da batir, zafi mai tsanani kuma yana rage masa kwana. Na'urar ta fi caja ta hanya guda tsada, kuma ba kowace mota ke aiki da ita ba.

Babban haɗari shi ne wannan: idan aka ɗauke wutar gari, dole na'urar ta raba gidan da layi nan take. In ba haka ba, wutar motar za ta bi wayoyi ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton babu wuta. Wannan doka ta shafi janareto da batirin hasken rana su ma. Kada ku haɗa kowace irin na'ura da layin gari sai da izinin kamfanin wuta da hannun ƙwararren ma'aikaci.